Gwanin da ke Raɗa wa Kaya Dubu Goma Take

Duk wanda ya taɓa neman kaya a Google ya san abin da ke fitowa: layi ɗaya mai ɗan girma wanda ake dannawa, a ƙarƙashinsa ɗan bayani da bai fi layi biyu ba, wani lokaci har da farashi da taurarin yabo a gefe. Cikin ƙiftawa da bismilla mai saye ke duba su ya yanke shawara, ko ya shiga ko ya wuce gaba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a manyan shagunan intanet ba wanda ke zama ya rubuta waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya. Shagon da ke da kaya dubu goma, kullum wasu na ƙarewa wasu na shigowa, ina zai samu hannun da zai yi wannan? Mutum ɗaya ne ya zauna ya tsara zubin jimla, ya bar gurabe a cikinta, ya koya wa shagon yadda zai cike guraben da kansa duk ranar da aka shigar da sabon kaya. Aikin wannan mutum nake so in yaba, domin a ganina yana cikin ayyukan da suka fi buƙatar hangen nesa a kasuwancin zamani, kuma da wuya ka ji an ambaci mai yinsa.

Kowane shafi na intanet yana da wani sashe a samansa wanda idon mai ziyara ba ya gani, amma na'urar bincike da shi take farawa. A nan ake ajiye taken shafin da taƙaitaccen bayaninsa da wasu 'yan bayanai na bayan fage, waɗanda masu sana'ar ke kira meta. Mai shago yana iya rubuta wa kowane kaya nasa da hannu. Idan bai rubuta ba, sai shagon ya ɗauko na ko-ta-kwana, wato zubin nan da aka tanada tun farko. A mafi yawan shaguna kuwa, na ko-ta-kwanan ne ke aiki a kan kusan dukkan kayan, domin masu shigar da kaya suna cikin sauri, daga hoto sai farashi sai su wuce na gaba.

Wanda ya san Kantin Kwari ya san yaron da ke tsayawa a bakin shago. Shi ne farkon wanda mai wucewa ke ji, kuma a cikin kalma huɗu ko biyar zai sanar da ita abin da ke ciki: Hajiya, akwai sabuwar shadda, shigo ki gani. Idan ya faɗi abin da babu, za ta shiga ta fito da fushi. Idan ya yi ta kiran sunan shagon kawai bai faɗi kayan ba, za ta wuce. Take da bayanin da ke fitowa a Google aikin wannan yaro suke yi, sai dai su a bakin ƙofa dubu goma suke tsaye lokaci guda, kuma ba su da damar kallon fuskar mai wucewa su gyara zance.

Bari mu ɗauki shagon yadi, tunda shi ne kowa ya sani. A rumbun bayanan shagon, kowane kaya yana da gidajensa: irin yadin, kamfanin da ya yi shi, launi, yawan yadi, farashi. Gwani zai tsara zubin take kamar haka: iri, sai kamfani, sai launi, sai yawan yadi, sannan sunan shago a ƙarshe. Da an shigar da atamfa ta kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, sai take ya fito da kansa: Atamfa Vlisco mai launin ruwan goro, yadi 6. Da an shigar da shadda ta kamfanin Getzner na Ostiriya, sai ya fito: Shadda Getzner mai launin fari, yadi 5. Ba wanda ya taɓa rubuta waɗannan jimloli, amma ga su nan tsaf, kowace ta faɗi abin da mai saye ke son sani kafin ya danna.

Jerin ba da ka aka yi shi ba. Google na datse take idan ya yi tsawo, kuma faɗin haruffa yake aunawa ba yawansu ba, shi ya sa masu aikin ke riƙe da ƙiyasin haruffa 60 ko ƙasa da haka. Bayanin ƙasa kuma yakan yanke a wajen haruffa 155 zuwa 160, a waya ma bai kai haka ba. To tunda wutsiyar jimla ce ke tafiya, dole abin da ya fi muhimmanci ya zo a gaba. A nan ne ake ɗan ja-in-ja da masu shago, domin kowane ɗan kasuwa yana son sunan shagonsa ya zo farko, kuma ba laifinsa ba ne, shekaru ya yi yana gina sunan. Gwani kan lallaɓa shi: ranka ya daɗe, wadda ke neman atamfa ba ta san mu ba tukuna, atamfar take nema, mu nuna mata atamfar, idan ta shigo za ta san sunanmu. Sunan shago yana komawa gaba ne kawai a shafin farko, ko kuma idan ya yi ƙarfin da mutane ke nemansa da kansa.

Duk wannan, mai ɗan ilimi zai iya koya a yini guda. Inda gwaninta take shi ne a gurbin da ba a cike ba.

Wanda bai ƙware ba yakan tsara zubinsa yana kallon kaya mafi kyau a shagon, wanda aka cike masa komai. Gwani kuwa kaya mafi rauni yake nema. Yakan sauke dukkan kayan shagon a jadawalin Excel, ya bi sahu-sahu yana duba gidajen da aka bari fayau. Zai tarar da leshi ɗari uku ba a rubuta musu kamfani ba, da mayafai waɗanda ba a awonsu da yadi, da wani kaya da aka sa wa farashin sifiri don ba a gama lissafi ba. Idan aka saki zubin a haka, abin da zai fito wa duniya shi ne: Leshi mai launin, yadi. Ko kuma bayanin da ke cewa a sayi kayan a kan naira sifiri. Irin wannan rabin take, Google da kansa ya lissafa shi a cikin abubuwan da ke sa ya ajiye taken mai shago ya ƙirƙiro nasa. Saboda haka gwani kan ɗaura wa kowane gurbi sharaɗi: idan akwai launi, a rubuta mai launin kaza, idan babu, a tsallake kalmomin gaba ɗaya har da waƙafin da ke biye da su. Ya kuma raba kayan gida-gida, na yadi da zubinsu, na takalma da nasu mai lamba, na turare da nasu mai faɗin girman kwalba. Daga nan sai ya jera sunayen kayan bisa tsawo, ya ɗauko mafi tsawo da mafi gajarta ya gwada zubin a kansu. Idan jimlar ta tsaya daidai a kan waɗannan biyun, na tsakiya ba za su ba shi wahala ba.

Sau da yawa a nan ne zai koma wurin mai shago ya ce ba zubi ne matsalar ba, rumbun ne. A wani wuri an rubuta ja, a wani jaa, a wani kuma an rubuta da Turanci. Wani ya sa yadi shida da kalmomi, wani da lamba. Zubi ba ya gyara abin da aka zuba masa, yana fito da shi ne yadda yake, sau dubu. Kashi mafi girma na aikin gwani share rumbu ne, aiki mai gajiyarwa wanda ba wanda zai gani balle ya yaba, kuma wannan haƙurin ne ya fi burge ni a cikin sana'ar.

Wanda zai rubuta zubinsa da Hausa yana da ƙarin abin lura da masu rubutu da Turanci ba su da shi, wato jinsi. Shadda fara ce, leshi fari ne, takalma kuma farare. Atamfa baƙa, yadi baƙi. Rumbu kuwa launi ɗaya ya ajiye, bai san mace ba bai san namiji ba. Idan aka haɗa iri da launi kai tsaye, za a wayi gari da shadda fari da atamfa baƙi a gaban jama'a, kuma Bahaushiya da ta gani za ta ji a jikinta cewa ba mutum ne ya rubuta ba. Mafitar gwani mai sauƙi ce: ya sa mai launin a tsakani, wanda ke tafiya da kowane jinsi, ko ya ƙara gida ɗaya a rumbun da ke faɗin jinsin kayan. Haka ma haruffa masu lanƙwasa. A cikin take da bayani yana rubuta su daidai, amma a adireshin shafi yakan bar su a miƙe, domin idan aka kwafi adireshi mai ƙ ko ɗ aka tura wa wani, sau da yawa harafin kan rikiɗe ya zama jerin alamomin kaso da lambobi, adireshin ya yi tsawo ya yi muni, har mai karɓa ya yi zargin na damfara ne.

Sannan sai tambayar da wane suna mai saye ke neman kayan. Matar da ke Kano atamfa za ta rubuta, ta Legas ankara, mai neman shadda daga Yamai ko Damagaram kuma wataƙila bazin zai rubuta kamar yadda aka saba a can. Gwani ba ya zato. Yana buɗe Search Console, manhajar da Google ke bai wa masu shafi kyauta, wadda ke nuna kalmomin da mutane suka rubuta har shafin ya bayyana musu, da sau nawa aka gan shi, da sau nawa aka danna. Idan ya ga ana ganin wani rukunin kaya da yawa amma ba a dannawa, ya san zubin wannan rukunin bai faɗi abin da ake son ji ba. Sai ya sa sunan da ya fi rinjaye a take, ɗayan kuma ya saƙa shi cikin bayani ta yadda jimlar za ta karantu. Yana kuma kula kada taken ya zama da wani harshe alhali jikin shafin da wani, domin wannan ma yana cikin dalilan da Google ya bayyana na sauya take.

Ba koyaushe sana'ar ta kasance da wannan tsabtar ba. A shekarun farko na intanet akwai wani gida a saman shafi da aka tanada don jera muhimman kalmomi, masu shafuka suka mai da shi juji, suna cusa ɗaruruwan kalmomi har da waɗanda ba su da alaƙa da kayansu. A watan Satumba na 2009 Google ya fito fili ya ce ba ya amfani da wannan gida wajen jera sakamako. Ya kuma ce shi kansa taƙaitaccen bayanin ba ya ɗaga shafi sama; amfaninsa shi ne jawo mai karatu ya danna. Har yau wasu manhajojin shago suna da gidan kalmomin, kuma ɗaya daga cikin alamun gwani shi ne ba ya ɓata lokacinsa a kai. A watan Agusta na 2021 kuma Google ya sauya yadda yake fitar da take, ya ƙara wa kansa damar ɗauko wani rubutu daga jikin shafi idan ya ga taken mai shafi bai dace ba. Bayan koke-koke ya yi gyara, ya ce a wajen kashi 87 cikin ɗari na lokuta taken mai shafin yake amfani da shi. Shi bayanin ƙasa ma ya fi shan sauyi, domin Google kan tsinko jimlar da ta fi kusa da abin da mutum ya tambaya. Wannan bai karya gwiwar masu aikin ba. Sun gane cewa take gajere, mai gaskiya, wanda ya bambanta da na sauran shafuka, shi ne ya fi tsira. Kuma jagorar Google da kanta ta yarda cewa a manyan shafuka masu rumbun bayanai, haɗa bayani ta hanyar zubi abu ne mai kyau, muddin ya karantu kuma kowane shafi ya samu nasa.

Farashi da taurarin nan da ke fitowa a gefe daga wani wuri daban suke zuwa. A watan Yuni na 2011 Google da Bing da Yahoo suka haɗu suka kafa Schema.org, wani ƙamus na bai ɗaya da shafi zai yi amfani da shi ya gaya wa na'ura a fili cewa wannan kaya ne, wannan farashinsa, wannan kuɗin ƙasa kaza ne, akwai shi ko ya ƙare. Yandex na Rasha ya shigo a ƙarshen shekarar. Shi ma wannan sashe da zubi ake cike shi, kuma kuskure a cikinsa ya fi tsada. Idan aka bar alamar kuɗi a kan dala alhali NGN ta naira ko XOF ta sefa ake nufi, kayan dubu talatin zai bayyana a matsayin na dala dubu talatin. A nan ne kuma gwani ke nuna wata hikima da nake ganin ta dace da halin da muke ciki. Tun bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023 farashin kayan waje bai zauna wuri ɗaya ba, Google kuwa yana iya yin kwanaki bai sake leƙo shafi ba. Mai saye da ya ga tsohon farashi a waje ya tarar da sabo a ciki, ba zai ce na'ura ce ta makara ba, cewa zai yi an yaudare shi. Don haka gwani ba ya rubuta farashi da hannu a cikin bayani. Yana ɗaure shi da rumbu ta yadda duk inda ya bayyana daga tushe ɗaya yake fitowa, kuma da kaya ya ƙare shafin zai faɗa da kansa. Wannan riƙon amana ne, ko da yake da lambobi ake yinsa.

Ga 'yan kasuwarmu akwai wata ƙofa da ta kai Google muhimmanci, ko ma ta fi shi. Idan aka tura adireshin kaya a WhatsApp, ɗan hoton nan da take da ke bayyana a saman saƙon daga bayanan bayan fage suke fitowa, bisa tsarin Open Graph da Facebook ya fitar a 2010. Shagon da ba a tsara masa wannan ba, duk kayan da aka tura sai tambarin shago ya fito, ko kuma fili babu komai. Wanda aka tsara masa kuwa, hoton atamfar ne zai fito da sunanta, kafin ma a danna an riga an fara ciniki a zaure.

Manhajojin shago sun bambanta a yadda suke riƙe zubi, kuma gwani ya san halin kowace. A Shopify, wanda aka kafa a Kanada a 2006, idan aka bar gidajen take da bayani babu komai sai ya ɗauki sunan kaya da farkon bayaninsa, wanda ke son fiye da haka sai ya shiga cikin tsarin shafin ya rubuta sharuɗɗansa da harshen Liquid. A WooCommerce, wanda ya fito a 2011 a kan WordPress, da yawa suna amfani da manhajar Yoast, inda ake rubuta gurbi tsakanin alamomin kaso, kamar %%title%%, kuma da an sauya zubi duk kayan da ba a rubuta wa nasu da hannu ba za su sauya nan take. A Magento, wanda ya fito a 2008 kuma Adobe ya saya a 2018, zubin yana cike gidajen ne a lokacin da ake shigar da sabon kaya, saboda haka gyara shi yau ba zai taɓa tsofaffin kaya ba, sai an bi su daban. Wanda bai san wannan bambanci ba zai gyara zubi ya koma gida yana ganin ya gama. Akwai kuma tarkon da ya kama shaguna da yawa: a rubuta bayani guda ɗaya na shagon gaba ɗaya a bar shi ya zama na kowane shafi, sai kaya dubu su fito da jimla iri ɗaya. Akwai kuma wani ƙaramin akwati a WordPress mai roƙon na'urorin bincike kada su lissafa shafin, wanda ake dannawa lokacin gini. Idan aka manta da shi bayan buɗe shago, duk sauran aikin ya tashi a banza. Yadi ɗaya mai launi goma kuma yana iya haifar da adireshi goma masu kama da juna, sai a yi amfani da alamar da Google da Yahoo da Microsoft suka amince da ita a watan Fabrairu na 2009, mai nuna wanne ne shafin asali.

Gwani ya san inda zubi ya tsaya. Kayan da suka fi tafiya, waɗanda su ne ke riƙe da shagon, ba ya barin su ga na'ura. Yakan zaɓo su ya zauna da wanda ya san kayan, ya tambaye shi abin da masu saye suka fi tambaya: tana zuba? tana da sheƙi bayan wanki? ta isa riga da zani da ɗankwali? Amsoshin nan su ne yake rubutawa da hannunsa a layi biyun, domin babu rumbun da ya ajiye su. Sauran dubban kuwa ya bar musu zubin da ya tabbata ba zai kunyata su ba.

Ɗan'uwa mai shago a intanet, ka gwada wannan yau. Ka buɗe Google ka rubuta site: ka liƙa masa adireshin shagonka ba tare da tazara ba, sannan ka karanta abin da ya fito layi-layi kamar kai ne baƙo. Idan ka ga take iri ɗaya yana ta maimaituwa, ko jimla mai gurbi a tsakiya, ko farashin bara, to ka nemi wanda ya iya wannan aiki, ka ba shi lokaci ya share rumbunka kafin ya taɓa zubi, kuma ka biya shi haƙƙinsa kamar yadda kake biyan mai ɗaukar hoton kayan.